Injiniya da Jan Gargaɗi

Allah ya yi wa kamfanin nan baiwa da shugaban sashen kwamfuta. Ma'aikata na kiransa Injiniya Na-Riga-Na-Sani, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har hannu yake ɗagawa. Katin aiki biyu a wuya, tabarau a goshi, kujera mai juyawa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar mataimakin manaja, wadda ake shirin cikewa.

Abokiyar gabarsa ɗaya ce, burauza, manhajar shiga intanet. Kullum sai ta fito da jan gargaɗi a kusurwar allo, wai an gano kafar da ɓarayi za su iya shigowa, a sabunta don a toshe.

"Ni za ta gaya wa kafa?" in ji Injiniya. "Jama'a, maƙeranta suka yi aika-aika, yanzu so suke in taya su ɗinki. Kwamfutar da ke ƙarƙashina ba ta ɓulewa!"

Da ma'aikata suka dame shi da zancen jan nan, sai ya nuna hazaƙa. Ya bi tebur-tebur yana liƙa farar takarda a kusurwar kowane allo. Gargaɗi ya ɓace. Ya shaida wa manaja an kashe matsalar daga tushe.

Wata safiya takardar allonsa ta faɗi. Ya leƙa, ba ja, ba alamarsa. Nan take ya tara jama'a.

"Ta gaji! Na ce muku na'ura ma ta san manya."

Bai rufe baki ba wayoyi suka ɗau ƙara. Abokan hulɗa ne, kowa na tambayar me ya sa manaja ke aiko musu saƙo yana neman lambobinsu na sirri. Manaja ya kira ƙwararre daga waje.

"Ranka ya daɗe," in ji ƙwararren, "'yan kutse ne suka shigo ta kafar nan. Da suka sami wurin zama, su suka sabunta burauzar, kada wasu ɓarayin su biyo bayansu."

Injiniya ya gyara tabarau. "Ka ji ko, Yallaɓai? A zamanin jagorancina aka kammala sabuntawa."

"Haka ne, Injiniya," in ji manaja. "Kujerar mataimaki kuwa, bari mu ga ko wani daga cikin 'yan kutsen zai nema. Su dai suna karanta gargaɗi."