Motar da Ban Ga Tashinta Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Tsanyawa ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, gyaɗa tana tashe, ni kuma ina jin babu dillalin shanu irina daga nan har Kunci. Doka ɗaya gare ni, kowa a kara ya san ta: ba na sayen bijimin sa a tsaye. Sai an kwantar da shi na ga yadda zai miƙe, don a wajen tashi ne ciwon da mai shi ya ɓoye yake fitowa. Na kunyata mutane da yawa da wannan dokar, kuma in faɗa muku gaskiya, daɗi nake ji.

A shekarar ne ƙanwata da ke aure a Kunci ta samu ciki bayan an daɗe ana addu'a. Inna kuwa gwiwoyinta sun ƙi, ko jaki ba ta iya hawa, kullum zancenta ita ba za ta ga sunan jikan nan ba. Sai na bugi ƙirji a gaban mutane na ce a mota za ta je, motar ma tawa ta kaina.

Na ji labarin wani akawun kamfanin gyaɗa a Kano da za a yi wa canjin gari, yana son rabuwa da kitikarsa, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Kawu Sale, ƙanin Inna, wanda ya koyi tuƙi a soja, ya ce in bari ya raka ni ya duba. Na ce ya huta, wanda ya iya duba sa ai ba zai kasa duba ƙarfe ba. (Ainihin dalilin, ba na so a ce da idon wani na sayi mota.)

Sau biyu na je gidan akawun, sau biyun ina tarar da motar a ƙofar gida tana ruri. Ya ce don ni ya tashe ta, kada babban mutum kamata ya tsaya jira. Kaina ya fasu. Na zaga ta, na daki taya da sanda, na durƙusa na leƙa cikinta kamar mai duba hantsar saniya. Ya buɗe min injin, na tsura masa ido ina gyaɗa kai, alhali ban san gabansa da bayansa ba. Na sa ya danna min ham sau uku, na ji muryar ta yi min. Muka zaga unguwa, muka yi ciniki.

Haihuwa ta zo, namiji. Ana gobe suna akawu ya kawo motar da kansa da la'asar, ya kashe ta a ƙofar gidanmu, ya miƙa min makulli da takardu. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya haye wata babbar mota mai komawa birni. Na ce kai, mutumin nan akwai riƙon aiki.

Da gari ya waye unguwa ta cika. Aka ɗauko Inna cikin zanenta na ajiya aka zaunar da ita a gaba, ƙwaryar daddawa da yajin mai jego a cinyarta. Ni ina tsaye da babbar riga ina amsa gaisuwa. Kawu ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ɗan tari irin na tsohuwar akuya, ta yi shiru. Ya fito ya murɗa ƙarfen tayar da inji da ke gaba har gumi ya jiƙa shi, ba ta ko motsa ba. Aka taru aka tura, tayoyi suka nutse a yashi. Rana tana ta hawa, Inna tana zaune riƙe da ƙwaryarta, kuma ganinta haka ya fi komai yi min zafi.

Kawu ya share gumi, ya dube ni a gaban kowa.

"Kai dillali, ka ga tashinta kafin ka saya?"

Wallahi sai a lokacin na tuna gidan akawun a kan tudu yake, hanyar kuma gangare ce har titi.

Kawu ya ce batir ne ya mutu, in an ja ta zuwa gangaren rafi za ta kama. Wa ke da shanun huɗa a kusa? Tanko. Tankon da kasuwar da ta wuce na kushe sansa a bainar jama'a, na ce yana nauyin tashi. Ya zo da shanunsa biyu a natse, ya ɗaura igiya, sannan ya shafa bayan wancan san.

"In kwantar maka da shi tukuna, ko ka yarda da shi haka?"

Har liman sai da ya juya baya yana dariya.

Haka muka ratsa gari, shanu a gaba, Inna a mota, ni a baya ina turi da babbar riga a naɗe. A gangaren rafi ta yi tari biyu ta kama. Kawu bai yarda ya kashe ta ba har Kunci, don haka cikin rurin inji aka raɗa wa yaron suna, Inna tana zaure tana ji da kunnenta. Da aka ɗora mata shi a cinya ta yi hawaye. Na matso ina ba ta haƙuri, ta ce me na yi, ai mota na yi alkawari, ban faɗi wanda zai ja ta ba.

Kawu ya kai motar wajen makanike aka sauya abin da ya mutu, ta yi mana shekaru tana ɗaukar gyaɗa da marasa lafiya. Yau duk wanda zai sayi mota a hannun mutum, in ya tambaye ni, nakan ce ya tafi da wanda ya san inji, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin. In ya ji ɗumi, ya ce a kashe, gobe da sassafe ya dawo a tashe ta a gabansa.

San Tanko kuwa kasuwar da ta zagayo na saye shi, yadda Tanko ya yanka kuɗinsa haka na biya. Ban sa an kwantar da shi ba.