Dogo, Akwatin Wasan da Ya Rasu Ranar da Ya Warke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci da har yau bai gama rabuwa da abin da ya shaƙa ba, mai gyaran rediyo na ƙarshen layi, gab da famfo, yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu zaman bencin ƙofar shagonsa rasuwar akwatin wasansa, wanda kowa ya fi sani da Dogo. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Masu wucewa za su ce ƙarya ne, don sun leƙa jiya sun ga fuskarsa tana haske, yana ta kiɗe-kiɗensa kamar da. Su yi haƙuri su karanta sanarwar har ƙarshe. Wanda ya zauna da shi shekara talatin da huɗu ya fi su sanin gawa.

Marigayin ya iso shagon ne a bayan wata akori-kura, lokacin da aka rufe wani gidan silima aka watsar da kayansa, kuma ko a lokacin ba yaro ba ne. Tsayinsa ya kai na mutum. Jikinsa baƙin katako ne mai zanen taurari, da gilashi ɗaya a fuska, da sanda mai jan kai, da maɓalli biyu. Sana'arsa guda ce a duniya: a jefa masa kwabo ya haɗiye, ƙwaras, ya ce ɗin-ɗin-ɗiiin, sai ya ba mutum wani ɗan jirgi ya yi ta harbin tsuntsayen ƙarfe masu saukowa daga sama, tiu-tiu-tiu, har su gama da shi. Bai taɓa cin kwabon wani ya hana shi wasa ba. Bai san mai babbar riga ba. Ya kunyata hedimasta, ya kunyata ɗan sanda da kakinsa, kuma duk da murya ɗaya yake yi musu dariyar nan tasa ta wuuu-wuk idan jirginsu ya tarwatse.

Amma babban halinsa riƙon amana. Duk lokacin da aka gama wasa yakan nuna jerin gwanaye goma, kowa da haruffansa uku da makin da ya ci. Wannan jeri yana zaune ne a wata 'yar ƙwayar ajiya da ke kan koren allon cikinsa, wani ƙaramin batir yana ciyar da ita. Ranar da batirin ya mutu kuma babu wuta, ranar komai zai goge. Shi ya sa duk bayan shekara biyu mai gyaran rediyo yake canza batirin nan akwatin yana kunne, hannunsa tsamo-tsamo cikin wayoyi masu rai. Sau biyu wuta ta yi jifa da shi har bakin ƙofa. Tela, maƙwabcinsa, yakan ce wannan ba gyara ba ne, taɓin hankali ne, shi kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

A saman jerin akwai harafin A sau uku, da maki dubu ɗari huɗu da goma sha biyu da ɗari takwas da hamsin. Na biyu shi ne mai shagon da kansa, da makin da ko rabin wancan bai kai ba. Ranar da tela ya fara tambayar wane ne wannan gwani, sai mai gyaran rediyo ya ce wani direban tanka ne da ya tsaya gyaran rediyon motarsa. Da shekaru suka tura, direban ya yi gashin baki, ya yi ɗingishi, ya yi yatsa shida. Tela ma ya soma rantsuwa ya gan shi da idonsa.

Sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, don haka a yau ake shaida wa jama'a cewa babu wani direba. Matarsa ce, uwar 'ya'yansa, Allah ya jiƙanta. Ita take kawo masa abincin rana, kuma yana ci tana tura ƙofa ta kama sandar nan tana wasa, yau kaɗan gobe kaɗan, tana yi masa tsiya cewa hannunsa ya fi dacewa da riƙe cokali. Wata Talata, shekara goma sha tara da suka wuce, ta tsaya a gaban Dogo kusan awa guda, tana cije leɓe, har ta bar mijinta a baya nesa. Da akwatin ya nemi haruffan sunanta sai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta danna maɓalli sau uku a kan harafin farko, ta suri kwanonta ta fita tana dariya. Shi kuwa namiji guda, mai shago, yana jin nauyin a ce mata ta kayar da shi, sai ya haifi direba. Bayan shekara biyu ta rasu. Tun daga nan, kullum da safe kafin ya share shago, sai ya kunna Dogo ya tsaya har jerin ya fito, ya ga tana nan a samansa, sannan ya ɗauki tsintsiya.

Ciwon ajali ya fara ne da 'yar gargada a murya. Daga baya fuskar ta cika da tarkacen haruffa da guntayen tsuntsaye marasa kai, kiɗan ya koma buuuu ɗaya mai tsawo kamar na saniya a mahauta. Jerin ya daina fitowa. Da aka kwance murfin baya har ƙasa, wanda rabon da a buɗe shi gaba ɗaya an manta, abin da ya fito ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Zarni ne ya fara yi musu sallama. Ɓeraye sun yi gida a ƙasan akwatin da yayin tela, wato ƙyallayen da suka sato daga shagonsa, sun haihu, sun yi jikoki, sun mayar da koren allon makewayi. Kashinsu ya yi tudu a kan wayoyi. Kyankyasai sun jera ƙwansu a ƙarƙashin ƙwayoyin allon, ga busasshiyar tsaka ta manne a jikin fanka, an rasa shekarar mutuwarta. Mai gyaran rediyo ya yi tir, ya tofar da yawu, ya sake tofarwa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ta ƙaramar taga yake zura hannu ya canza batir duk shekarun nan, bai taɓa sunkuyawa ya duba abin da ke ƙasa ba.

Ya wanke allon da burushi da sinadari, ya shanya, ya bi shi da mita layi-layi har idonsa ya yi ja. Amma rediyo daban, mai ƙwaƙwalwa daban. Mita tana gaya maka akwai wuta ko babu, ba ta gaya maka abin da na'ura take tunani. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya haɗiye girman kai ya kira 'yarsa ta fari, injiniya, wadda a wannan shagon ta fara riƙe ƙarfen narkar da dalma.

Ta zo ranar Asabar da wata tsohuwar na'urar gwaji da ta aro a wurin aikinsu, mai kama da akwatin kayan ɗinki. Masu zaman benci suka shigo kallo, tela a gaba, mai wanki da mai faci a bayansa. Ta zare ƙwaƙwalwar Dogo daga gurbinta a hankali, ta soka faffaɗar wayar na'urar a wurin. Ta bayyana wa mahaifinta cewa yanzu na'urar ce za ta zama ƙwaƙwalwar, ta bi kowane layi da kowane ɗakin ajiya tana ƙwanƙwasa ƙofa, wanda bai amsa ba shi ne mai ciwo. Ba a yi minti goma ba ta gano layi ɗaya na tagulla da fitsarin ɓera ya cinye a ƙarƙashin wata ƙwaya. Ta ɗinke shi da siririyar waya. Saura gwajin ɗakunan ajiya, don a tabbatar babu wata ɓarna. Sai ta ɗaga kai.

"Baba, batirin nan da ransa, duk abin da ke ciki yana nan. Amma gwajin da zan yi yanzu rubutu yake yi a kowane ɗaki ya karanta, komai zai share. In akwai abin da kake so, minti biyu ne in kwafe a takarda, in tsallake wurin."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya. "Kwafe mana direba, 'yata! Shekara nawa babanki yana neman fansa a wurin mai yatsa shida, ya kasa."

Benci ya ɗauki shewa. A nan ne, jama'a, aka yi kisan. Kalma huɗu kawai, "Kwafe, na uwarki ne," ake nema daga bakin mutumin da wuta ta jefar sau biyu saboda wannan jeri. Ya dubi tela, ya dubi mai faci, sai ya yi tsaki ya kaɗa hannu.

"Shirmen wani direba ne. Yi aikinki."

Ta danna. Na'urar ta yi 'yan ƙyafce-ƙyafcenta, ta ce ɗit, ta rubuta cewa komai lafiya. Aka mayar da ƙwaƙwalwa gurbinta, aka kunna. Ɗin-ɗin-ɗiiin! Murya garau, tsuntsaye da kawunansu. Benci ya tafa. Sannan jerin ya fito, da haruffan da masana'anta ta zuba masa tun ran gini, baƙi goma da ba wanda ya san su, kowanne da makinsa mai sifili a jere.

Mai gyaran rediyo ya zaga bayan shago ya tsuguna bakin kwata ya yi amai. Ya wanke kashin ɓera da hannunsa bai yi amai ba, sai yau. Ɓera dai dabba ne, ya samu wuri ya yi fitsarinsa, kuma duk ƙazantarsa bai taɓa ko lamba ɗaya ta matar nan ba. Na'urar gwaji ma ba ta yi laifi ba, abin da aka sa ta ta yi. 'Yarsa kuwa ta tambaya, da bakinta, a gaban shaidu. Ya laluba ko'ina ya rasa wanda zai ɗora wa, ya ga duk ƙyamar da yake ji tasa ce. Da ma an ce girman kai rawanin tsiya, shi kuwa ya naɗa nasa har ya rufe masa ido.

A nan 'yarsa ta same shi, a nan ya gaya mata. Ta kalli yatsan da ta danna na'urar da shi. Sannan ta ce tunda ya haddace makin, na'urar tana iya rubuta shi a wurinsa, lamba-lamba, ba mai ganewa. Ya girgiza kai. Wancan makin, hannun uwarta ne ya ci shi, a tsaye, tukunya tana ƙonewa a gida. Wanda na'ura za ta rubuta direba ne na biyu, shi kuma ya gaji da haihuwar direbobi.

Marigayin ya rasu ya bar mai shago, wanda ba ya neman a tausaya masa. Ya bar 'yar da ta warkar da shi, wadda ake roƙon kowa ya san ba ta da alhakin komai. Ya bar tsofaffin batura goma sha shida a cikin gwangwani, da benci guda na 'yan kallo, da tela, wanda ake jira ya bayyana wa jama'a inda ya ga mai yatsa shida. Ya kuma bar zuri'ar ɓeraye masu yawa, waɗanda ba a gayyace su ba, kuma an tanadar musu tarko.

Za a yi jana'iza ranar Talata mai zuwa da azahar, daidai lokacin da ake kawo abincin rana, a cikin shagon. Za a zare wayar Dogo daga bango, a cire batirin, karo na farko akwatin yana kashe. Gangar jikin za ta ci gaba da tsayuwa a kusurwarta, kada wani dillalin tsofaffin kaya ya wahalar da kansa. Masu zuwa ta'aziyya su zauna a benci, kada su jefa kwabo, kada kuma wani ya ce ai ga shi yana aiki. An sayi farin fenti da ƙaramin burushi. A jikin katakon, sama da taurarin, 'yar marigayiya za ta rubuta dubu ɗari huɗu da goma sha biyu da ɗari takwas da hamsin, ta rubuta sunan uwarta cikakke a gefensa. Mai gyaran rediyo zai karanta shi da ƙarfi a gaban benci, sannan ya rubuta nasa a ƙasa, inda ya saba zama.