Cikin Akuyar Gwaggo

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da akuyar Gwaggo Hanne ba. Ita kaɗai ta rage mata bayan ɓarayin daji sun kore dabbobin ƙauyensu a wajen Ruma. Ta jawo ta da igiya har Batsari, ta ɗaure a tsakar gidanmu.

Lokacin ina tsaron shagon maganin dabbobi, 'yan kasuwa na ce mini Likita (ni kuwa ina amsawa, ba ko kunya). Da cikin akuyar ya fara tasowa, Gwaggo ta ce tsohon ciki ne da ya kwanta saboda firgicin bindiga, yanzu ya tashi. Tsoronta kada akuyar ta yi ɓari. Na lallatsa cikin, na gyara murya, na ce tagwaye ne. Na ɗauko allurar riƙe ciki, wadda ke kwaikwayon sinadarin da jikin dabba ke yi don kada ciki ya zube, na dinga zuba mata.

Damina ta zo da yunwa. Wani mahauci ya taya akuyar da daraja, na hana. Haba, wa ke sayar da uku a kuɗin ɗaya? Gwaggo ta koma cin tafasa da rama, 'yar dusar da za ta dama kuma ta bar wa akuya. Ina gani wuyan Gwaggo na ƙara tsawo.

Ranar da akuyar ta fara nishi, matan unguwa suka cika gidan, don ni na baza labarin tagwayen. Na naɗe hannun riga, na durƙusa a bayanta. Sai ruwa ya ɓalle, ya jiƙe ni sharkaf har cikin aljihu. Muka jira. Ciki ya sace, akuya ta miƙe tana tuƙa. Ruwa ne zalla, kuma tun zuwanta gidanmu ko inuwar bunsuru ba ta gani ba.

Ba wadda ta yi dariya, wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Gwaggo ta miƙo mini tsumma.

"Goge jikinka, Babana," ta ce (sunan mahaifinta gare ni). "Tun da muka baro gida, sai a watannin nan na samu abin jira."

Mahaucin bai ƙara tayawa ba. Yanzu duk wanda ya zo neman allurar nan, kafin in taɓa kwalba sai na tambaye shi ina bunsurun.