Faɗan da Na Kwaso Daga Mafarki

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren jikar Laure ba, kuma ko na so in manta, matan ƙauyenmu ba za su bari ba.

Laure aminiyata ce tun muna amare. Ni kuwa duk bikin da za a yi a karkararmu, ni ke tuƙa tuwon baƙi (ba yabon kai ba, ba a taɓa tsintar gudaji a tuwona ba). To wannan karon sai 'ya'yanta suka ɗauko masu girki daga Rijiyar Zaki. Na ce madalla, sun hutar da ni. Har dariya na yi. Ashe zuciya ba ta yarda ba.

Ranar bikin, bayan sallar asuba na ɗan kishingiɗa, barci ya ɗauke ni. Sai ga Laure tsaye gaban dangin ango, mutanen Zakirai, tana cewa, "Ai ƙawar tawa ta tsufa, tuwonta sai kaji." Suna ta dariya. Na buɗe baki zan rama ke nan, jikata Ummi ta girgiza ni: "Inna, tashi, an fara taruwa."

Na miƙe raina na tafasa. Wallahi ban kawo cewa mafarki ne ba, na ɗauka jiya aka yi. Ko koko ban sha ba, na ratsa ta gonakin gero har gidan biki. Na tarar da Laure cikin mata ana ta gaishe-gaishe.

"Laure, tuwon wa ne sai kaji?"

"Wane tuwo kuma, 'yar uwa?"

"Wanda kika faɗa jiya gaban 'yan Zakirai. Maimaita a gabana!"

 Wata dattijuwa ta gyara zama ta ce, "Baiwar Allah, mu ne 'yan Zakirai. Yanzu muka sauko daga mota, ko ruwa ba mu sha ba."

A nan ne na tuna cewa wurin da aka zage ni har da marigayi maigidana, yana zaune yana ɓare gyaɗa.  Na ce a raina shi ke nan, zumuncin ƙuruciya na zubar da bakina.

Laure ta ja hannuna zuwa ɗaki, ta saki labule. Da na faɗa mata ashe mafarki na yi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Girkin nan ne ya ci miki rai, ko? Ke da girman kanki, da kin faɗa mini ai da ba ki kai ƙarata cikin barci ba."

Ummi, mai karatun aikin jinya, ta ce barcin da ake yi wajen safiya shi ya fi yawan mafarki. Wai a cikinsa ne kai ke tankaɗe abin da mutum ya haɗiye da rana, karatu ya zauna, ɓacin rai ya huce. In aka tashe ka tsakiyarsa, da dusar za ka fito. Na ce mata ni ban yi boko ba, amma dusa kam na kai gidan mutane.

Yanzu in na farka da fushin wani, sai na sha kokona tukuna, in duba ko cikin shaidun akwai wanda muka riga muka yi wa sadakar arba'in.