Yadda Ake Ganin Jirgi Marar Matuƙi Daga Cikin Shagon Aski

In kowa a layinku ya ga jirage marasa matuƙa suna shawagi a sama ban da kai, daina jin kunya. Bi matakan nan, tabbas za ka ga naka, ko akwai shi ko babu. Mai Askin layinmu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da shi za a yi maka misali.

1. Ka samu damuwa tukuna

Mutumin da hankalinsa ke kwance ba ya ganin komai a sama sai gajimare. Shi Mai Aski, tun da wani ya buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, da kujera mai juyawa da talabijin, kwastomominsa suka yi ƙaura. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya sa ƙofar gilashi, ya jera ƙwayayen fitila a silin, duk don su dawo. Ko ƙuda bai leƙo ba.

2. Kada ka fita waje

Masu fita waje taurari kawai suke gani. Tsaya a ciki, ka leƙa ta gilashi bayan magariba. Haka Mai Aski ya yi yana kakkaɓe tawul, sai ga wasu fararen fitilu a jere can saman rufin gidaje, sun tsaya cak. Har ga Allah ya yarda da abin da ya gani.

3. Ɗauki hoto, amma ka bar hannu ya yi rawa

Hoto mai kyau babban abokin gaba ne, domin yana nuna abin da ke wurin. Kada ka goge idon wayar. Ka yi ta salati kana ɗauka, ka tura wa kowa.

4. Toshe bakin masu shakka

In an ce tauraro ne, ka tambaya yaushe taurari suka fara bin layi. In an ce jirgin fasinja ne, yi murmushin tausayi. Mai wuyar sha'ani tana cikin gida.

"Maigida," in ji matar Mai Aski da ta biyo ta shagon, "ni fa na lura, duk sanda aka ɗauke wuta, su ma sai su ɓace."

"To, kin gani!" ya ce. "Wutar suke zuwa sha."

Ta dube shi, ta dubi silin, ta ɗauki jakarta ta tafi tana dariya.

5. Tara jama'a, ka gindaya sharaɗi

Da yake daga cikin shagon kaɗai ake ganinsu, shago ya cika maƙil. Mai Aski ya kafa doka: benci na waɗanda za a yi wa aski ne. Har masu sanƙo suka miƙa kai. Baba Direba, wanda ya ajiye tuƙi saboda raunin ido, ya rantse ya hango fuka-fuki. Mai kemis ya ce na tsakiyar ya motsa. Mai Aski kuwa baki har kunne, rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da ya buɗe shagon.

6. Ko za a mutu, kada ka taɓa makunnin fitila

A nan gwanin namu ya yi sake.

"Ɗan nan," in ji Baba Direba, "kashe mana fitilar nan mu gan su da kyau."

Ya kashe. Jirage suka ɓace. Ya kunna, suka dawo a jere. Ya dubi silin kamar yadda matarsa ta yi, ya dubi gilashi, sai ya gane. Hasken ƙwayayen fitilarsa ne ƙofar ke haskowa.

"Na gano!" Baba Direba ya buga sanda a ƙasa. "Fitilarka suke bi!"

7. Karɓi hukunci da fara'a

Nan take dattawan layi suka yanke: daga magariba, kada a sake ganin haske a shagon nan. Magariba kuwa ita ce lokacin da ma'aikata ke dawowa su yi aski. Abu biyu ya rage masa: ya gaya wa mutanen da ya aske wa sanƙo cewa silin suka zo kallo, ko ya zauna a duhu.

"Don zaman lafiyar layi, Baba," ya ce, "na yarda."

Aka yi ta sa masa albarka. Yanzu da tocila a baki yake aski. Mutane na tsayawa su gaishe shi da girmamawa, su ce da shi ya ceci unguwa, sannan su tsallaka titi inda ake ganin kunnen mutum kafin a ɗora reza.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cikin gashin baki da aka aske rabi, ko dariyar matar gida, ko kwastoman da ya tsallaka bai dawo ba. In ka ga haske a sama, kafin ka kira jama'a, ka rufe ƙofa ka gwada makunnin fitila kai kaɗai.