Cire Zuma Ba Hayaƙi

Tun Nasara ba su shigo Damagaram ba, shekarar aurena, muka tsaya da abokaina gindin gawo a hanyar Tsauni, muna kallon amyar zuma.

Abokina Ilu ya ce, "A nemo wuta. Ko da yake an ce kakanka ba ya sa hayaƙi."

Kakana majemi ne, bai taɓa cire zuma ba. Na sani sarai. Amma na gyara ɗamara na ce, "Gadonmu ne."

Hawan na tuna shi; saukar kuwa, ƙudan zuma suka shirya min ita. Na isa gida fuska suntum, amaryata ta durƙusa ta ce, "Sannu baƙo, maigidan ba ya nan."

Yau gemuna fari fat, amma ko ƙuda ya gifta a kasuwar Matamaye, sai Ilu ya ce, "Ku matsa, ga mai gado nan."