Zuciyar Zinariya Ta Kashe 'Yar Baƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa wuta ce, nake faɗa tun a layin farko: Jerome na Springfield, kai ka kashe ta. Na sa sunanka a sama ne don na san halinka, ba ka karanta takarda har ƙasa.

Ni Ngo Martina, mahaifiyar Chuwang direban motar makaranta a Manassas, a madadin gidanmu duka, har da waɗanda suka roƙe ni in yi shiru, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Virginia da Maryland rasuwar bindigar farautar ɗana, wadda muke kira 'Yar Baƙa. Ta riga mu gidan gaskiya da safiyar Asabar ɗin da aka buɗe farautar barewa, a watan Nuwamban nan na 2015, a wata gona bayan gari, tana jingine a kafaɗar maigidanta. Ba ta tafi ita kaɗai ba. Ta tafi da idon Chuwang na dama.

Ban yi makaranta ba, sai ajin karatu na zumuntar mata a ƙauyenmu kusa da Vom. Da hannuna na rubuta wannan. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, amma kada ya taɓa sunan da ke sama, shi daidai yake.

Marigayiya ta shigo gidanmu shekarar da na zo renon jikata ta fari. Ban yi mata maraba ba. Bindigar da na sani ita ce irin ta marigayi mijina, doguwa, mai gindin katako, mai warin albarushi. Wannan kuwa baƙa ce ƙirin, rabinta kamar roba, na ce wa Chuwang ta yi kama da kayan 'yan fashi. Amma zama da mutum shi ke nuna halinsa. Shekarun da ta yi da mu, ba ta taɓa buɗe baki ba sai an tambaye ta. Ba ta taɓa duban ɗan Adam ba, ko da wasa. Kwananta a akwatin ƙarfe mai makulli, abincinta ɗigon mai da tsumma. Ba ta yawo. Sau ɗaya take fita a shekara, in ganye ya zube, ta dawo da nama.

Kun ci naman nan, kada wani ya ce bai ci ba. Kun ci shi a gote, faten nan na garinmu, ranar godiyar kaka a coci. Kun ci farfesunsa a bikin suna. Har kilishi na yi da shi a murhun Turawa, ƙararrawar hayaƙi tana ta ihu a kaina, aka kai Landover, Musulmi maƙwabtan arziki suka aiko tambaya ko an yanka, na ce ni dai ban ga wuƙa ba, suka mayar da shi da godiya. Ita ta ciyar da mu shekarar da aka rage wa Talatu, matar Chuwang, aiki a gidan kula da tsofaffi. Wa ya yi mana wannan a cikinku?

Muryarta ba ta fita kunnena ba. In Chuwang yana goge ta a gareji ya ja ƙarfen cikinta ya saki, sai ta ce ƙaras, a tsaftace, kamar an rufe ƙofar gidan mai hankali. Sau ɗaya na bi su gona na zauna a mota, na ji ta daga nesa ta ce tau, sau ɗaya tak, ta yi shiru. Ba ta maimaita magana.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta, don kada wani ya ba ku labari a karkace.

A cikin irin wannan bindiga akwai wani ƙarfe mai tsawon tafin hannu da yatsu, su masu abin suna ce masa bolt kariya. Shi ke kai da kawowa. Shi ke tura harsashi ciki, ya kulle bayansa da haƙoransa don wuta ta tafi gaba kada ta dawo fuskar mai harbi, sannan ya tofar da kwanson. Ni zuciya nake ce masa, don in ya tsaya komai ya tsaya. Zuciyar da 'Yar Baƙa ta zo da ita ta fara tsufa, ta goge a gefe, amma tana aiki. Chuwang ya ce zai sayi sabuwa daga wurin kamfanoni masu suna, waɗanda ke gwada kowace ɗaya kafin su sayar.

Jerome yayan Talatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ji wannan magana. Ranar da aka miƙa jaririn Talatu a coci, ana tsakar cin abinci a falonmu, ya miƙe ya buga cokali a kofi, ya zaro wani abu daga aljihun kwat yana walƙiya kamar sarƙar amarya. Ya ce, "Ƙanena, daina yi wa Turawa sadaka. Duk ƙarfe ɗaya ne, suna kawai kuke saya. Ga taka, har da ruwan zinariya." Mata suka yi guɗa. Chuwang ya rusuna ya karɓa hannu biyu ya ce, "Yaya, na gode." Me zai ce? A gaban fasto?

Daga baya muka ji a inda ta fito. Wata kasuwar bindiga ta ƙarshen mako, a teburin wani mutum mara shago, mara suna, wanda ya zuba su a bokiti kamar ƙusoshi. Jerome ya ga araha ya kwashi jaka guda. Cinikin biri a sama.

Tun fitar farko da sabuwar zuciya marigayiya ta fara tari. Chuwang ya kai ta filin gwaji, ya dawo fuska a murtuke. Ya nuna mini kwanson harsashi, gindinsa ya kumbura, ɗaya har ya tsage. Ya ce wani lokaci ba ta tofar da kwanson, sai ya maƙale mata a wuya. Ƙusoshi biyu na saman zuciyar kuma, waɗanda ya kamata a daddake bakinsu yadda ba za su motsa ba har abada, da yatsa yake juya su. Muryarta ma ta canja. Ba ƙaras ba kuma, sai ƙurrr, kamar ana jan kujera a kan yashi. Ɗana ba wawa ba ne. Ya cire ta zinariyar, ya mayar da tsohuwar, ya yi shiru da bakinsa.

Ana gobe buɗe farauta Jerome ya bugo waya. Ina zaune ina tsinar wake, na ji shi da kunnena don Chuwang ya buɗe muryar wayar. Jerome ya ce, "Gobe da ni za a je. Ina so in ga kyautata tana aiki." Da aka kashe waya ɗana ya miƙe. Sannan ya shiga gareji. Na bi shi, na tarar yana mayar da ta zinariyar. Na ce, kai, ba ita ce ka ce tana tari ba? Ya ce, "Ngo, yayan matata ne. In ya ga tsohuwar zai ce na rena shi. Harbi ɗaya ne. In ya gani hankalinsa ya kwanta, sai in cire."

Harbi ɗaya ne kuwa. Bot, abokin farautarsu, shi ya ba ni labarin muryarta ta ƙarshe. Ya ce ba tau ta ce ba. Ya ce ɓas ta ce, kamar tukunyar ƙasa ta fashe a kan wuta, gidan harsashi ya yi ƙasa, hayaƙi ya fito ta inda ba a yi masa ƙofa ba. Barewar ta ɗaga kai ta dube su ta yi tafiyarta.

Ba zan ci haƙƙinka ba, Jerome. Kai ka ɗauke shi a baya har mota, kai ka kai shi asibiti, rigarka duk jini. Na gani. Amma ka bar bindigarka a gona, Bot ne ya ɗauko ta, ya buɗe don ya cire harsashi kafin ya sa a mota. Ya ce zuciyarta baƙa ce, da tambarin masu suna a jikinta. Kai ba ka sa ta zinariya a taka ba. Ashe duk ƙarfe ba ɗaya ba ne in fuskarka ce za ta kwanta a kai.

An kai gawa wurin wani tsohon Bature mai gyaran bindiga don a san abin da ya kashe ta. Na ce sai an je da ni. Ya shimfiɗa ta a kan tawul ya nuna mana haƙoran zuciyar, biyu sun karye, cikinsu gari-gari kamar busasshen tuwo. Ya goga zarto a jikinta, ya ci ta kamar sabulu. Ya juya ta ko'ina yana neman alamar da ake bugawa in an gwada ƙarfe, babu. Ya ce ruwan zinariyar fenti ne a kan ƙarfen da ba a gasa shi daidai ba. Bot yana fassara mini, amma ban bukaci fassara ba. Na ga yadda mutumin ya girgiza kai.

Marigayiya ta rasu ta bar madubin hange ɗaya, ya tsage, bai san halin da yake ciki ba. Ta bar gidajen harsashi biyu marayu, da akwatin ƙarfe da ba kowa a ciki, da firiza a gareji tana ta kuka ba nama. Ta bar tsohuwar zuciyarta naɗe a safa cikin durowa, lafiyarta ƙalau, ita ce abin da ba na iya kallo. Ta bar maigidanta zaune a falo da auduga a fuska. Likita ya ce idon ba zai dawo ba, kuma mai ido ɗaya ba a ba shi motar 'ya'yan mutane. Ta bar Talatu tana kuka a banɗaki da famfo a buɗe don kada mu ji, ga miji ga ɗan'uwa, ba ta san wanda za ta kalla ba.

Masu zuwa gaisuwa, na gode, Allah ya ba da lada. Amma wanda zai ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa ya tsaya a mota. Tsautsayi bai je kasuwa da jaka ba. Kunya ce ta sa ɗana ya kwantar da kumatunsa a kan abin da ya san ba shi da lafiya, kuma yanzu kunyar nan ake so ni ma in sha. Dattawan coci sun zo sun ce a rufa asiri, gida ɗaya ne. Chuwang da kansa ya riƙe hannuna ya ce, "Ngo, don Allah ki bar shi, aurena nake ji." Na ji shi. Da idonsa kaɗai ne da na haɗiye, don uwa ta saba haɗiya.

Amma jaka guda Jerome ya kwaso, ɗaya ce ta fashe. Sauran suna ina? Ya rarraba wa mazanmu, wasu kyauta, wasu saye. Suna cikin bindigogi yanzu haka, farauta a buɗe take har bayan Kirsimeti, kowace Asabar 'ya'yan wasu matan suna shiga daji da su. Na buga masa waya na ce ya faɗa mini su wa da wa. Ya ce, "Mama, a bar maganar nan, za ta ɓata mini suna." Kuma na san mazanmu. Wani ya riga ya ji tasa tana tari, ya yi shiru, don Jerome da ya ba shi dikon ne, babba a coci.

Ga tsarin jana'iza. Za a shimfiɗa gawa a kan teburin guga a garejinmu na Manassas ranar Asabar mai zuwa, daga hantsi. Na zaɓi Asabar da gangan, don kada kowa ya je daji. Ba za a rufe fuskarta ba, kowa ya zo ya sa yatsa a gurbin haƙoran nan. Za a ci gote ba nama. Bayan addu'a Bot zai mayar da ita wurin tsohon Baturen ya yayyanka ta yadda ya ce ana yi, don a ƙasar nan ba a binne bindiga. Ba ma karɓar fure. Duk wanda ya buɗe bindigarsa ya ga zinariya a ciki, ya ciro ta ya kawo, ya ajiye kusa da gawa, a yi musu jana'iza ɗaya. Matan aure, in mazajenku sun ji nauyi, ku kun san inda makulli yake.

Kai kuwa Jerome, an ajiye maka kujera a gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙauyenmu, in maƙeri ya gyara wa mijina bindiga, shi ke fara ɗora ta a kafaɗarsa ya harba kafin ya miƙa, don ya san abin da ya sa a ciki. Ka zo ka tsaya gaban Chuwang, gaban ƙanwarka, ka kira sunan kowane mutum da ka ba, da bakinka, har su cika. In kuwa har yanzu duk ƙarfe ɗaya ne, to ka zo da bindigarka. Zan zaɓa maka ɗaya daga kan teburin da hannuna, Bot ya sa maka ita, mu bi ka gona mu tsaya nesa. Harbi ɗaya ne.

Zaɓi ɗaya. In ba ka zo ba, ba za a kai ta wurin Baturen ba, Lahadi ina layin gaba a cocinku da gawar a cikin zanena, kuma ka san ba na jin Turancin mai cewa in zauna.